Kogunan Montana a Bazara: Yadda Dusar Ƙanƙara Ke Juya Masu Fatsa

A ƙarshen watan Afrilu, shagunan kayan kamun kifi na garin Livingston da ke jihar Montana a Amurka kan buɗe tun da sassafe, kuma akasarin masu shigowa allo suke fara nema kafin su waiwayi kaya. A irin waɗannan shaguna akan kafa allon da ake rubuta labarin koguna kullum: yawan ruwan da ke gudu a kogin Yellowstone, sanyinsa, ko ya yi garau ko ya gurɓace, da irin ƙwarin da aka gani jiya da la'asar. Mutum zai tsaya ya karanta, ya fito ya ɗaga kai ya dubi duwatsun Absaroka da suka yi fari fat a kudu maso gabashin garin, sannan ya yanke shawarar inda zai nufa. Wani lokaci shawarar ita ce ya koma gida.

Bazara a wannan yanki, wato daga Maris zuwa farkon Yuni, lokaci ne da sanyin hunturu ke sakin ƙasa a hankali. Kifi ya sha yunwa wata da watanni, ƙwari sun fara ƙyanƙyashewa, baƙi masu yawon buɗe ido ba su iso ba tukuna. A fuska, babu lokacin da ya fi wannan daɗin su. Amma kuma shi ne lokacin da kogi ke sauya hali a dare ɗaya, shi ne lokacin da kifin ke zuba ƙwai, kuma a cikinsa ne ake sanin ko ruwan shekara zai kai kaka ko zai yanke a tsakiyar rani. Wanda ya fahimci bazarar Montana ya fahimci dalilin da ya sa kifinta ya wanzu har yau, da kuma abin da ke barazana gare shi.

Fatsa ba koto

Kifin da ake nema shi ne tirawut, ɗan ruwan sanyi mai ɗigo-ɗigo a jiki, wanda ba ya rayuwa sai inda ruwa ke da tsabta da wadatacciyar iska. Iri uku ne suka fi yawa a kogunan jihar. Akwai mai bakan gizo, wanda jan layi ya ratsa gefensa, asalinsa kogunan da ke gangarawa tekun Fasifik. Akwai mai ruwan ƙasa, wanda aka fara kawo ƙwansa Amurka daga Jamus a 1883. Sai ɗan gida, mai jan maƙogwaro, wanda tawagar masu binciken ƙasa ta Lewis da Clark ta kama ta bayyana a rubuce kusa da Great Falls a 1805, yau kuma shi ne kifin da jihar ta ɗauka tambarinta.

Salon kamun ya bambanta da fatsar da aka saba. Ba a sa tana, ba a sa nama. Ƙugiya ce 'yar ƙarama ake ɗaure wa gashin zakara, gashin barewa, zare da ɗan siririn waya, har ta fito da siffar ƙwaro. Mai ɗaurin kan maƙale ƙugiyar a ɗan maƙali bisa tebur, ya naɗa zare daga kai zuwa lanƙwasa, ya ɗora zara-zaran gashi uku ko huɗu a matsayin jela, ya murza sumar zomo ta zama jiki, sannan ya kewaya gashin wuyan zakara ya tsaya cirko-cirko yadda zai ɗauki ƙugiyar a kan ruwa. Wani ƙwaron bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tunda ba shi da nauyin da za a jefa, igiyar ce ake yi wa nauyi. Masunci na kaɗa sanda mai tsawon ƙafa tara gaba da baya, igiya na warwarewa a sama, sai ya sake ta ta kwanta a ruwa, siririn zaren da ke bakinta ya ajiye ƙwaron a hankali.

Dabara ce tsohuwa. Marubucin Rum, Aelian, ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya tun wajen shekara ta 200 miladiyya. A Livingston kuwa, Dan Bailey ya buɗe shagonsa a 1938, inda mata da yawa na garin suka yi sana'ar ɗaurin ƙwari ana aikawa ko'ina a Amurka. Littafin Norman Maclean, A River Runs Through It, da ya fito a 1976, da fim ɗin da Robert Redford ya yi da shi a 1992, su suka jawo hankalin duniya, har garuruwa irin su Ennis, Craig da West Yellowstone suka zama masu rayuwa da kuɗin masunta.

Tunda yaudara ce tsagwaronta, dole mai yi ya san abin da kifi ke ci a wannan rana, a wannan sa'a. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji Hausawa, kuma tirawut a ruwa garau ya fi kowane kifi tabbatar da wannan magana. Inuwa kaɗan ko ƙwaron da ya ja ruwa saɓanin yadda na gaske ke tafiya sun isa su sa ya nutse ya ƙi fitowa.

Rumbun da ke kan duwatsu

Fiye da rabin ruwan da ke gudu a kogunan yammacin Amurka daga narkewar dusar ƙanƙara yake zuwa. Tun daga Nuwamba take taruwa a kan duwatsu, ta kai ƙololuwa a watan Afrilu, a wurare masu tsayi sosai ma har farkon Mayu. Saboda muhimmancinta, ma'aikatar noma ta Amurka na da tashoshin awo sama da 800 a duwatsun yammacin ƙasar, ana kiran tsarin SNOTEL. A kowace tasha akwai wata shimfiɗa mai kama da katifa cike da ruwan da ba ya daskarewa. Dusar da ta zuba a kanta na danna ta, na'ura ta auna nauyin, ta aika da adadin ruwan da ke cikin dusar ta rediyo ko tauraron ɗan'adam. A ƙasa kuma, hukumar binciken ƙasa ta USGS na da ma'aunai a bakin koguna masu nuna yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, wasu har da zafinsa. Duk waɗannan alƙaluma a buɗe suke a intanet, kuma manomi da masunci da mai kula da madatsar ruwa shafi ɗaya suke dubawa da safe.

Kogunan da ba a datse ba su ne suka fi jin wannan lissafi a jikinsu. Yellowstone, mai tsawon kilomita kusan 1,100, shi ne kogi mafi tsawo da babu babbar madatsa a kansa a jihohi 48 na Amurka da ke haɗe. Haka Gallatin a mafi yawan tsawonsa, da Big Hole, da Blackfoot. A Maris da Afrilu ruwansu kaɗan ne, garau, mai sanyi ƙwarai. Tirawut jininsa na bin sanyin ruwa, don haka idan ma'auni na nuna digiri 3 ko 4 na Salshiyos, yana kwance ne a gurbi mai zurfi inda ruwa ke tafiya a hankali, ba zai yi nisan taku ɗaya don abinci ba. Shi ya sa sammako ba ya da amfani a wannan lokaci. Gwanaye kan fito da hantsi, su jira rana ta ɗumama ruwan da digiri biyu ko uku, su yi aikinsu tsakanin azahar da la'asar. Da yawa na yawo da ɗan ma'aunin zafi a aljihu, kuma shi suke fara tsomawa kafin igiya.

A irin wannan sanyi, ƙarƙashin ruwa ake bin kifin. Akan ɗaura ƙugiya mai siffar tsutsar ƙwaro, a sa mata ɗan nauyi ta gangara kusa da tsakuwar ƙasa, a maƙala ɗan tulluƙi mai launi a saman zaren. Da tulluƙin ya ɗan tsaya ko ya karkace, sai a ɗaga sanda. Wasu kuma kan ja babbar ƙugiya mai siffar ɗan kifi a gefen gaɓa, don manyan masu ruwan ƙasa da suka fi son nama.

Kalandar ƙwari

Idan ka sa hannu a kogin Madison a watan Afrilu ka ɗago dutse kamar girman dunƙulen hannu, ka juya shi, za ka ga gari guda. Ga ƙananan tsutsotsi masu faɗi suna gudun haske, ga wasu sun gina wa kansu ɗan kwasfa mai kusurwa huɗu da ɓarɓashin ganye sun maƙale a jeri, ga wata baƙar tsutsa mai jela biyu da ta kusa tsawon ɗan yatsa. Kowanne da lokacin da zai bar ruwa ya yi fiffike, kuma zafin ruwa ne ke buga musu ƙararrawa. Masunta sun haddace jerin kamar karatu.

Na farko su ne ƙananan baƙaƙen ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo, waɗanda ke fitowa ko a tsakiyar hunturu idan iska ta lafa. Daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu sai Skwala, ƙwaron dutse mai launin ganyen zaitun, wanda ya yi suna a kogin Bitterroot kudu da Missoula. Shi ne babban ƙwaro na farko a shekara da ke sa kifi ya ɗago kai saman ruwa, don haka kwalekwale kan cika kogin ko da dusa na zuba. A Afrilu kuma sai Baetis, ɗan ƙarami mai shuɗin fiffike. Shi ranar hadari da yayyafi yake so. A irin wannan rana fiffikensa ba ya bushewa da wuri, yakan daɗe yana yawo a kan ruwa, kifi ya jeru yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da baƙo zai ce gari ya ɓaci ita ce ranar da ɗan gari ke neman izinin barin wurin aiki.

Sai babban biki, fitowar ƙwaron kadis da ake dangantawa da Ranar Uwa, wadda Amurkawa ke yi a Lahadi ta biyu ta watan Mayu. Masu kwasfar ganyen nan ne. Da ruwa ya kai digiri 10 zuwa 11 ya tsaya haka kwana biyu ko uku, sai su fashe gaba ɗaya a Yellowstone da ƙasan Madison. Duk wanda ya ga gina ta rufe fitila bayan ruwan farko zai gane abin, sai dai nan kogi ne guda na kilomitoci. Suna shiga hanci da kunne, suna rufe gilashin mota, gawarwakinsu na taruwa a kwanar ruwa kamar shimfiɗa, kifi kuwa har bayansa ake gani yana kiwo.

Matsalar ita ce, ɗumin da ke fito da kadis shi ne kuma ke narkar da dusa. Wata shekara akan sami mako guda cur ana kamu, wata shekara kwana biyu, wata kuma ƙwarin su fito a kan ruwan da ya riga ya zama taɓo, kifi bai ma gan su ba. Babu mai iya yin alkawari, kuma jagororin kamu masu gaskiya ba sa yi wa baƙo.

Na ƙarshe a jerin shi ne ƙaton ƙwaron dutse mai jan ciki, wanda tsutsarsa ke shekara uku zuwa huɗu a ƙarƙashin ruwa kafin ta rarrafo gaɓa da dare ta tuɓe fata. Tsawonsa na kaiwa santimita 5. Yakan fara a kogin Rock Creek wajen ƙarshen Mayu, ya kai Big Hole a Yuni, Madison kuma a ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, kullum yana hawa daga ƙasan kogi zuwa sama yadda ɗumi ke hawa.

Idan kogi ya kawo

Wani lokaci a watan Mayu, za a yi kwana uku ko huɗu na rana mai zafi, dare kuma ya daina daskarewa a kan duwatsu. Daga nan an shiga cikowa. Ruwan Yellowstone a Livingston kan ninka na hunturu fiye da sau goma, ya koma launin ƙasa, ya ɗauko itatuwa sukutum da saiwoyinsu. Yakan kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuni, kuma sau da yawa ba ya komawa yadda za a yi su sai farkon Yuli. Ko a yini ɗaya hawa da sauka yake yi: dusar da ta narke da azahar a saman dutse ba ta isowa kwari sai cikin dare.

Kifin bai tafi ko'ina ba. Matsawa yake yi gefe, bayan manyan duwatsu, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, ko cikin ciyawar da ambaliya ta rufe, inda zai huta daga ƙarfin ruwa abinci kuma na zuwa masa. Ƙa'idar da masunta ke bi mai sauƙi ce: ka shiga ruwa zuwa gwiwa, idan kana ganin takalminka, akwai fata. Kuma ruwan da ke sauka yana washewa ya fi wanda ke hawa, ko da yawansu ɗaya ne.

Wanda ba zai iya jira ba yana da mafaka iri uku. Ta farko ita ce kogunan da ke ƙasan madatsa, domin tafkin da ke bayanta na kwantar da laka, ruwa ya fito daga ƙasa garau: Missouri a ƙasan madatsar Holter, Bighorn a ƙasan Yellowtail, Beaverhead a ƙasan Clark Canyon, da Madison a ƙasan Hebgen. A Mayu, ƙauyen Craig da ke bakin Missouri, wanda mazaunansa ba su taka kara sun karya ba, kan cika da motoci masu jan kwalekwale. Ta biyu ita ce ƙoramun marmaro na kwarin Paradise, wato Armstrong, DePuy da Nelson, waɗanda ruwansu ke ɓulɓulowa daga ƙasa da sanyi kusan iri ɗaya duk shekara. Suna cikin gonakin mutane, ana biyan kuɗin yini, kuma ana ƙayyade yawan masu shiga. Ta uku ita ce kogin Firehole a cikin gandun dajin Yellowstone, wanda maɓuɓɓugan ruwan zafi ke zuba a cikinsa. Shi yakan riga saura ɗumama, sannan ya yi wa kifi zafi da yawa idan rani ya tsaya.

Cikowa ba abin wasa ba ce. Ruwan da ke digiri 5 na ɗauke numfashin mutum da ya faɗa ciki, ya kashe masa hannu da ƙafa cikin mintuna. Dogon wandon roba da masunta ke sawa har ƙirji kan cika da ruwa idan ba a ɗaure shi da ɗamara ba. Mafi haɗari kuwa shi ne itacen da ya faɗi ya gitta kogi, ruwa na wucewa ta rassansa amma mutum ko kwalekwale ba ya wucewa. A ranar 13 ga Yuni 2022, ruwan sama mai ɗumi ya sauka a kan dusar da ta yi jinkirin narkewa, Yellowstone ya yi cikowar da ba a taɓa auna irinta ba. Ya cinye hanyar da ta haɗa garin Gardiner da Mammoth da ke cikin gandun, ya tafi da gadoji da gidaje, aka kwashe baƙi kusan 10,000 aka rufe gandun gaba ɗaya na kwanaki.

Tafki ya buɗe ido

Yayin da koguna ke hauka, tafkuna na farkawa. Ƙanƙarar da ta rufe su tun Disamba kan fara janyewa daga gefe, ta bar zoben ruwa tsakaninta da gaɓa. Wannan zoben ne ya fi ɗumi, nan ƙananan halittu ke fara motsi, nan kuma kifi ke zagayawa a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, don haka da saman tafki ya kai wannan awo, iska na iya gauraya shi da na ƙasa, iskar shaƙa ta kai ko'ina. Makonni biyu ko uku bayan narkewar su ne mafi albarka a shekara ga wanda ba shi da jirgi, domin daga baya kifin zurfi yake komawa. Abin da ake jefawa shi ne siffar matsattsaku, ko tsutsar ƙwaro da aka rataya a ƙarƙashin tulluƙi, sauran aikin kuwa haƙuri ne da jure iska.

Tsayin wuri ne ke tsara layi. Tafkunan da ke filin ƙabilar Blackfeet, gabas da gandun Glacier, kan buɗe a Afrilu, kuma sai da izinin ƙabilar ake kamu a cikinsu. Tafkin Hebgen kan biyo baya wajen farkon Mayu. Tafkin Yellowstone, mai tsayin mita 2,357 daga teku, sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ƙananan tafkunan saman duwatsun Beartooth kuwa, inda hanyar mota ke hawa sama da mita 3,300, wasunsu na ƙarƙashin ƙanƙara har Yuli. Mai ƙafa da ƙarfin hawa zai iya bin bazara sama-sama har tsakiyar rani.

Tafkin Yellowstone na da darasi mai ɗaci. Shi ne babban gidan mai jan maƙogwaro, wanda ke hawa ƙoramu a ƙarshen bazara don zuba ƙwai, beyar da gaggafa da karen ruwa su sami abinci. A 1994 aka tabbatar da cewa wani baƙon kifi, tirawut ɗin tafki, ya shiga ruwan. Shi babba ne, yana cin ɗan gida, kuma a zurfi yake zama inda dabbobi ba sa kai masa. A ƙoramar Clear Creek, inda aka ƙidaya kifi sama da 70,000 masu hawa a 1978, adadin ya faɗo zuwa wajen 500 a 2007. Tun bayan gano baƙon, hukumar gandun na zuba raga kowace shekara, an cire baƙon kifin sama da miliyan huɗu, kuma ɗan gida ya fara farfaɗowa. Dokar gandun yau ta ce duk mai jan maƙogwaro da aka kama a sake shi, duk tirawut ɗin tafki da aka kama a wannan tafki a kashe shi.

Sheƙa a cikin tsakuwa

Daga Maris zuwa Mayu, mai bakan gizo ke zuba ƙwai. Macen kan zaɓi wuri marar zurfi mai tsakuwa, inda ruwa ke gudu daidai, ta kwanta a gefenta ta kaɗa jela har ta haƙa ɗan rami. Ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta matsa gaba kaɗan ta sake kaɗawa tsakuwa ta rufe. Daga gaɓa ana gane wurin: wani fili ne mai haske kamar an share, a tsakiyar duwatsun da gansakuka ta yi wa duhu. Ƙwan na nan ƙasa makonni huɗu zuwa bakwai, gwargwadon sanyin ruwa. Taku ɗaya na takalmin masunci na iya murƙushe ɗaruruwa. Shi ya sa a yankin yammacin jihar ƙananan rafuka ke rufe har Asabar ta uku a watan Mayu, kuma ko inda doka ta bari, jefa wa kifin da ke kan sheƙa abin kunya ne a idon masu sana'ar.

Wannan sheƙa ta fi muhimmanci a Montana fiye da wurare da yawa, saboda wata shawara da aka yanke shekara hamsin da suka wuce. A da, ana kiwon kifi a gidan gona a zuba a koguna da mota, kowa na ganin taimako ne. Wani masanin kifi na hukumar jihar, Dick Vincent, ya yi gwaji daga 1970: aka daina zubawa a wani yanki na Madison, aka fara zubawa a ƙoramar O'Dell da ba a saba ba. Inda aka daina, kifin daji ya fi ninki biyu cikin 'yan shekaru. Inda aka fara, ya ragu da kusan rabi. Na gona na hargitsa na daji ne, ya kore shi daga mazauninsa, sannan shi ma ya mutu. 'Yan kasuwar Ennis sun yi adawa sosai, suna tsoron baƙi za su gudu, amma a 1974 jihar ta daina zuba tirawut a kogunan da yake iya haihuwa da kansa. Tun daga nan, kifin da ake kamawa a Madison a tsakuwar Madison aka ƙyanƙyashe shi.

Tsarin ya sha gwaji. A 1994 aka gano cutar da ke sa ƙananan kifi juyi a wuri ɗaya, wadda asalinta Turai ne, ta kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na mai bakan gizo a saman Madison. Ba a koma zuba na gona ba. Waɗanda suka tsira suka hayayyafa, kogin ya farfaɗo a hankali. A gefe guda kuma al'adar kamawa a saki ta kafu: ƙugiya marar ƙaya, jiƙa hannu kafin taɓa kifi, barin sa a ruwa yayin cire ƙugiya, wanke takalmi da jirgi kafin a sauya kogi. Dokar 1985 ta ba kowa damar shiga kogi har iyakar inda ruwa ya saba kaiwa a cikowa, ko da ta gonar wa ya ratsa. Dama ce babba, kuma nauyinta daidai yake da girmanta.

Bazarar da ke saurin zuwa

Abin da ke damun masana yanzu shi ne lokacin narkewar kansa. Awon da aka yi tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce ya nuna cewa a koguna da yawa na yammacin Amurka, ruwan dusa na saukowa da wuri da mako ɗaya zuwa huɗu. Ga mai son kamu a Yuni, wannan kamar riba ce, tunda kogi zai washe da wuri. Amma ruwan da ya wuce a Mayu ba ya nan a Agusta. Kogi ya ƙanƙance, rana ta dafa shi, iskar da ke cikinsa ta ragu, kifin da aka kama aka saki ya mutu da gajiya.

Jihar na da doka kan haka: idan zafin ruwa ya kai digiri 23 kwana uku a jere, ana iya hana kamu daga ƙarfe biyu na rana zuwa tsakar dare. A da abin jefi-jefi ne. A ranin 2021 dokar ta hau kan koguna da yawa a lokaci ɗaya, gandun Yellowstone ma ya kafa irinta. A Agustan 2016, wata cutar ƙoda da ruwan ɗumi ke ƙara wa ƙarfi ta kashe dubban fararen kifi, aka rufe kusan kilomita 300 na Yellowstone. A 2023, ƙidaya ta nuna tirawut ya faɗi ƙasa ƙwarai a Big Hole, Beaverhead da Ruby, har aka tsaurara dokokin kamu a cikinsu.

Big Hole ne wurin da ya kamata a duba. Shi ne mafaka ta ƙarshe ta kifin gireylin mai zaman kogi a jihohi 48, kuma daga gare shi makiyayan kwarin ke jan ruwan ban ciyawa da haƙƙin da kakanninsu suka mallaka tun ƙarni na 19. A dokar Montana, wanda ya riga fara amfani da ruwa shi ke da fifiko, don haka makiyayi na iya jan rabonsa ko da kogin zai ƙafe, kamar yadda wani yankinsa ya yi a farin 1988. A 1995 makiyaya, masunta, jami'an gwamnati da masu kare muhalli suka kafa kwamitin kula da kogin, a 1997 suka amince da tsarin fari. Idan ruwa ya sauka zuwa wani awo, makiyaya su rage ja don raɗin kansu. Idan ya ƙara sauka, a rufe wannan yanki ga masu kamu, jagorori su yi asarar kuɗin yini kamar yadda makiyayi ya yi asarar harawa. Tsarin bai ƙara ko ɗigon dusa a kan dutse ba, kuma bai hana raguwar 2023 ba. Abin da ya yi shi ne ya raba asara tsakanin mutanen da a da kowa ke nuna ɗan'uwansa da yatsa, ya bar ruwa a kogin a shekarun da da ya yanke. Idan bazara ta ci gaba da zuwa da wuri, sauran kwaruruwan jihar ma za su zauna a irin wannan teburi, kuma gara su zauna tun ruwa na gudu.